Abin da Ke Cikin Kofin Mijina

Zuwa ga Shugaban kamfanin motocin yawon buɗe ido da mijina ya yi wa tuƙi shekara goma sha huɗu a nan birnin Landan.

Ranka ya daɗe,

Ina gaishe ka gaisuwar da ta dace da matsayinka, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Sunana Hajara. Ni ce matar direbanku da kuke kira Sam, wanda Allah ya yi wa rasuwa wata uku da suka wuce. Sunansa na yanka Sama'ila. A wajenmu mace ba ta kama sunan mijinta. Shekara ashirin da uku muna tare ban taɓa furta shi ba, yau ne na fara rubuta shi, don kada a ce ba a gane wanda nake nufi ba. Daga nan zan koma kiran sa Malam yadda na saba.

Da Hausa na rubuta, kuma a fili, domin maganar ta riga ta fita fili, kuma da Hausa ake yin ta. 'Yarmu Rukayya za ta juya maka ita zuwa Turanci. Ban ambaci sunanka ba, ko na kamfani, ko na otal ɗin da zan yi magana a kansa, don ba tozarta kowa na fito yi ba. Waɗanda suka sani sun sani.

Kada ka ɗauka fushi ne ya sa ni rubutu. Na nemi fushin a cikina ban same shi ba. Tun ranar da Malam ya tafi nake zaune a hawa na bakwai a unguwar Edmonton ina takaba, wato zaman wata huɗu da kwana goma da mace ke yi a ɗakinta bayan rasuwar miji. In an miƙo mini abinci in ci, in ba a miƙo ba ban tuna ba. Jirgin ƙasa na wucewa ta ƙasan taga, in bi shi da ido har ya ɓace. Mata suna zuwa gaisuwa su yi kuka, ni ce mai miƙa musu ruwa. Kukan da aka ce zai zo har yau bai zo ba, na ma daina jiran sa.

Abu ɗaya nake nema a hannunku: wani hoto, cikakkensa, ba yankakken da kuka fitar ba. Akwai tsohuwa a Malumfashi da idonta ke rufewa, kuma ina so ta gan shi kafin ya rufe gaba ɗaya. Ga yadda abin yake, daki-daki.

Na ɗaya, aikin Malam.

Kai ka fi ni sanin aikin. Ya ɗebi baƙi daga tsakiyar gari da safe, ya kai su gonakin inabi da ke kudu da Landan inda ake matse giya, su kwana a manyan otal-otal ɗin da ke cikin gonakin, su ci su sha, ya komo da su. Shi kuma ya kwana a ɗakin direbobi bayan wurin ajiye motoci. Ku da bakinku kuka sha faɗa masa cewa kun fi son ba shi wannan hanya saboda shi ne direban da ba ku taɓa zullumin abin da ya sha ba. A shekara goma sha huɗu bai taɓa goge motarku da ko shinge ba.

Ba zan ɓoye maka ba, aikin bai taɓa kwanta masa a rai ɗari bisa ɗari ba. Ya tambayi malamai, wasu suka ce ya bari, wasu suka ce ya lallaɓa har Allah ya kawo wani. Ya nema bai samu ba, ga yara, ga gida can da ke sa ido. Sai ya gindaya wa kansa iyaka, ku ma kuka amince: mutane yake ɗauka, ba ya taɓa kwalin kwalabe, wanda ya saya shi zai loda kayansa. Sallarsa a bayan mota yake yi, a kan ciyawa. Wasu mutanenmu a nan sun daɗe suna ƙus-ƙus, suna kiran sa direban mashaya a bayan idonsa. Ya sani, bai taɓa tankawa ba. Na faɗi wannan ne don ka gane cewa hotonku a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ya faɗo.

Na biyu, kwana biyun da kuka ba mu.

A kakar bara, lokacin tsinkar inabi, kuka ce za ku karrama shi. Kuka ba shi kwana biyu shi da iyalinsa a ɗaya daga cikin otal-otal ɗin da ya shekara yana ajiye mutane a ƙofarsu bai taɓa wuce zaure ba. Ya kawo mini takardar ya ajiye a kan tebur, ya ce shi yana ganin a ba su haƙuri. Ni na matsa. Na ce shekara nawa kana ba ni labarin wurin nan, sau ɗaya dai in gani da idona, ba mu za mu sha musu giyarsu ba. Rukayya ma ta sa baki da Turancinta, ta ce ita ba ta taɓa ganin mun je wani wuri mu biyu ba in ban da asibiti. Ya yi dariya ya yarda.

Kun turo mota ta ɗauke mu. A baya ya zauna, abin da ban taɓa gani ba, kuma duk inda aka zo kwana sai in ga ƙafarsa ta dama tana taka birkin da babu shi. Na yi ta yi masa tsiya har muka isa.

Otal ɗin ba ni da abin faɗa a kansa sai alheri. Tsohon gini ne na dutse a kan tudu, layukan inabi sun gangara ta kowane gefe har inda ido ya tsaya. Gadon ɗakin ya isa mutum huɗu. Bahon wanka a tsakar ɗaki yake, ba labule ba komai, na tsaya ina kallon sa ina tambayar kaina wace ce za ta tuɓe a nan. Akwai ƙaramin firji cike da kwalabe. Malam ya roƙi a kwashe, aka kwashe ba tare da an ɗaga mana gira ba, aka maye da ruwa da lemo. Har wata ma'aikaciya ta tambaye mu ko akwai abin da ba ma ci, ta rubuta. Ba wanda ya raina mu a gidan nan.

Malam ɗan manoma ne, a gonar dawa da auduga ya tashi. Ashe duk shekarun nan da yake jiran baƙi, gonar yake karanta. Ya zagaya da ni, yana nuna mini gangaren da ya fi samun rana, da yadda suke datse reshe su bar biyu, da inda ruwa ke kwanciya. Ya tsinko ƙwaya ɗaya ya ba ni, ƙarama ce, ga tsami, ga ƙwallo. Ya ce, “Kin ga aikin hannu. Da ci za a yi da abin nan, da na ce manoman nan sun gama dacewa.” Ban taɓa jin ya yi doguwar magana kamar ta ranar nan ba.

Ni kuwa na tafi da guzurina, don ban iya tafiya hannu rabbana ba. Dambun nama a roba, buta, da zoɓo cike da filas. Ya gani tun a gida, ya ce ke ko fadar sarki aka gayyace ki sai kin riƙe filas ɗinki. Zoɓo, ranka ya daɗe, wani jan fure ne da muke dafawa da citta da kanumfari, mu tace, mu sa sukari. Yara na sha, limamai na sha, da shi muke buɗe baki da azumi. Ja ne wur, in ya yi kauri har ya yi duhu. Filas ɗin kuma ina so ka riƙe shi a ranka, don zan komo kansa. Babba ne, kore, da jajayen furanni a jikinsa, murfinsa ya lotsa a gefe ɗaya. Na mahaifiyar Malam ne, ita ta ba ni da hannunta a zuwanmu gida na ƙarshe.

Na uku, hoton.

Ranar ta biyu bayan la'asar muka zauna a barandar ɗakinmu da ke kallon gona. Na ɗauko filas. Malam ya miƙo hannu zai sha a murfi, yadda yake yi kullum a mota. A ɗakin kuwa babu wani kofi sai irin na gilashin nan masu doguwar ƙafa, an jera su a kan faranti suna sheƙi. Na hana shi murfin. Na ce yau kai ne baƙo, sha irin na mutanen da kake ɗauka. Ya ce Hajara ba kya jin magana. Ya karɓi kofin yana dariya, ya riƙe shi a dunƙule kamar mai riƙon ludayi, na shiga zuba masa.

Daidai nan wata mata mai kyamara ta ɓullo ta cikin lambu. Ta ce kamfaninku ne ya turo ta ɗaukar hotunan wurin, ta gane Malam, ta ce haske ya yi kyau, ko za mu bari ta ɗauke mu. Malam ba mai son hoto ba ne. Ya dube ni, na gyaɗa kai. Ta ce in ci gaba da zubawa, ta ɗauka. Ta juyo bayan kyamarar ta nuna mana. Na gani da idona: Malam a dama yana dariya, ni a hagu da koren hijabina, filas a hannuna, zoɓo na sauka daga bakinsa zuwa cikin kofin. Ta miƙo masa wata takarda ya sa hannu, ta ce za ta aiko mana. Ba ta aiko ba, mu ma muka manta.

Ni ma na ɗauki hotuna a wayata a wannan tafiya, don in tura wa Rukayya. Na sake dubawa kwanan nan. Ina da na bahon wanka har guda huɗu, da na gado, da na sabulai. Ba ni da na Malam ko ɗaya.

Na huɗu, rasuwarsa da ta'aziyyarku.

Wata biyar bayan haka, ranar wata Talata da safe, ya karya kumallo, ya zauna a kujerar bakin ƙofa yana ɗaura igiyar takalmi zai tafi aikinku. Ya ɗaura ɗaya. Na fito daga kicin na same shi ya jingina da bango. Masu motar asibiti sun zo da sauri, sun yi iya yinsu a nan kan dardumar falo, suka ce zuciya ce. A gidansa ya rasu, da alwalarsa, da shayi da burodi a cikinsa. Ina so a rubuta wannan a riƙe, don an faɗi wani abu dabam.

Kun yi mana karamci, ba zan ci amanar gaskiya ba. Direbobinku sun zo maƙabarta sun tsaya a cikin ruwan sama. Kai da kanka ka aiko da kati. Bayan mako guda kuka sa sanarwa a shafinku na intanet, da hoton nan, amma an yanke rabinsa. Babu ni, babu hijabi, babu filas. Saura Malam shi kaɗai yana dariya, jan abu a kofin giya a hannunsa, gonar inabi a bayansa. A ƙasa kuka rubuta cewa kowa ya ɗaga kofinsa don tunawa da Sam, wanda ya ƙaunaci wannan wuri. Rukayya ta bayyana mini cewa a wajenku wannan girmamawa ce, kuma na yarda. Daga baya kuka ƙara da sa wa ɗaya daga cikin motocinku sunansa, kuka manna hoton a bayanta.

Ban tambaye ku dalilin yanke ni ba, don na sani. Mace da hijabi da tsohon filas ba ta sayar da giyar kowa.

Wani abokin aikinsa, da kyakkyawar niyya, ya turo sanarwar cikin zauren waya na mutanen masallacinmu, don a ga yadda Turawa suka yaba da shi. Kafin azahar sanarwar ta kai Deptford, tsohuwar unguwarmu. Kafin mako ta kai Kaduna. Magana zarar bunu ce, kuma tana tafe tana ƙara kaya. Da ta isa Malumfashi, cewa aka yi a gidan giya ya faɗi, da kofin a hannunsa, wai hoton ma na ranar ne. Waɗanda suka ci abincinmu shekara da shekaru suka ce dama sun daɗe da zargi. Limaminmu ya yi huɗuba a kan kyautata zato ga mamaci, aka ce amin, aka fito aka ci gaba daga inda aka tsaya.

Maƙwabciyata Maman Fati, mutuniyar Kumasi, wadda a wurinta nake sayen furen zoɓo, ta kasa haƙuri. Ta yi saƙon murya da Hausarsu ta zango, wadda ake ce wa zoɓo sobolo, ta tura ko'ina: “Ni na sayar wa Hajara sobolo, mijinta ya zo da kansa ya saya, ranar Alhamis, kafin su tafi. Ku ji tsoron Allah!” Aka mayar da saƙon abin dariya, ana kwaikwayon bakinta. Ta zo nan ta yi kuka, na ba ta ruwa.

Motar kuwa na gan ta sau ɗaya. Na fita ganin likita, ina tsaye a tashar bas, sai ga ta ta tsaya a danja a gabana. Fuskar Malam ta kai girman ƙofar ɗaki. Na tsaya ina kallo. Abin da na lura da shi kawai, wuyan rigarsa ya lanƙwashe a gefe ɗaya, kuma ban gyara masa ba ranar. Danja ta ba da hannu, motar ta wuce, bas ɗina ya zo na shiga.

Na biyar, Iya.

Wannan shi ne dalilin wasiƙar, sauran duk shimfiɗa ce. Iya ita ce mahaifiyar Malam, ta haura tamanin, kuma shi ne ɗanta na fari. A al'adarmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabon sa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. In ya buga waya takan miƙa wa wani ta ce ga mutumin Ingila nan. Duk shekarun da na yi a gidansu ban taɓa jin ta yi tambaya ɗaya a kansa ba. Sai dai in za mu komo, ta cika jaka da kuka da daddawa da furen zoɓo ta tura mini da ƙafa, ta ce ki kai wa yaranki. Ni da ita mun san wanda ake nufi.

Ranar sadakar arba'in, gida cike da mata, wata ta ga ya dace ta kai wa Iya wayarta. Iya tana da yana a ido. Na hagu ya riga ya rufe, na dama yana ganin launi da siffa in an matso da abu kusa. Aka kara mata wayar a fuska. Ta ga ɗanta, ta ga ja a kofi. Aka faɗa mata sunan abin da inda wurin yake. An ce tashi ta yi ta shiga ɗaki.

Bayan kwana uku ta sa ƙanin Malam, Kabiru, ya kira ni. Ta karɓi wayar da kanta. Bayan gaisuwa ta ce, “Hajara, me ke cikin kofin?” Ranka ya daɗe, wannan ce tambayar farko da matar nan ta taɓa yi a kan ɗanta a gaban wani mahaluki, shekara hamsin da bakwai bayan ta haife shi.

Na faɗa mata komai. Na ce Iya zoɓo ne, ni na dafa, yadda kika koya mini, a filas ɗinki na kai shi, ni na zuba masa, ina tsaye a gefensa aka yanke ni. Na rantse mata. Ta saurare ni har na gama. Sai ta ce, “Allah ya yi miki albarka. Matar kirki tana rufa wa mijinta asiri. Ke kuwa matar kirki ce.” Ta miƙa wa Kabiru wayar.

Na ɗauki filas ɗin a hoto na tura. Aka nuna mata, ta ce ta ga filas, ba ta ga mutumin Ingila ba. Gaskiyarta. Gani ya kori ji, kuma ita ta riga ta gani.

Ba ta yi masa baki ba, ba ta zage shi ba. Abin da ta yi ya fi wannan nauyi. Ta rabar da tumakinta uku sadaka, ta ɗauki azumi tana nema masa gafara. Da Litinin da Alhamis ta fara, yanzu Kabiru ya ce sai ta jera kwana huɗu, biyar. Tana da ciwon suga. Ta faɗi sau biyu a tsakar gida. Likita ya ce ba zai taɓa idon ba sai sugan ya daidaita, sugan kuwa ba zai daidaita ba tana wannan azumi, azumin kuma ba za ta ajiye ba muddin tana ganin ɗanta na buƙatar sa. Malamai sun yi mata magana, ta ce su ba su haifa ba. Kabiru ya ce a watan jiya tana gane shi daga bakin ƙofa, yanzu sai ya yi magana.

Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A nan ba haka aka yi ba. Ni na matsa aka je, ni na hana shi murfi, ni na gyaɗa wa mai kyamara kai. Ni na ja ruwan, ya doki mamaci da tsohuwa. Ina faɗin wannan a fili don kada ka ce na ɗora muku laifin duka. Nawa kason na sani, kuma ina kwana da shi ina tashi da shi, ko da yake ba na jin nauyinsa yadda ya kamata. Ba na jin nauyin komai yanzu.

Na shida, amsoshinku.

Rukayya ta rubuta muku sau uku. A karo na farko na'ura ce ta amsa, ta gode mana da tuntuɓa. A na biyu wata ma'aikaciya ta yi mana ta'aziyya mai kyau, ta ce Malam ya sa hannu a takardar izini, hoton na kamfani ne, kuma baƙi da yawa sun ji daɗin sanarwar. A na uku aka ce asalin hoton yana wurin mai kyamarar, ita kuma ba ma'aikaciyarku ba ce, ana dubawa. Yau mako biyar ke nan ana dubawa. Rukayya ta buga waya, aka haɗa ta da sashen talla, aka tambaye ta ko tana so a aiko mana da babban bugu na hoton a cikin firam, kyauta. Yarinyar ta ajiye wayar ta shiga banɗaki ta daɗe.

Da ba takaba nake ba, da na zo ofishinku na zauna a bakin ƙofa, ba hayaniya, har sai an ba ni. Saura mini kwana arba'in in fita. Ban san ko idon Iya yana da kwana arba'in ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

Ku sauke yankakken hoton daga shafinku da bayan motarku. Sunansa kuwa ku bar shi a jikin motar in kuna so, ya yi mata hidima, amma ku rubuta shi cikakke.

Ku rubuta layi biyu da sa hannunka, ku faɗi abin da kuka shaida a shekara goma sha huɗu, cewa ba ku taɓa ganin ya sha ba. Wannan don mutanen Landan ne da na Kaduna, masu karatu. Wanda zai yarda ya yarda, wanda ba zai yarda ba na bar shi da Allah, ba ni da ƙarfin bin kowa.

Na ƙarshe shi ne babba, in ma ɗaya kawai za ku iya, to shi. Ka ɗaga waya da kanka ka kira matar nan mai kyamara, ta lalubo asalin hoton. Ba na neman diyya, ba na neman a kori kowa, ba na son firam. Ku turo shi yadda aka ɗauke shi, kada a gyara haske, kada a share komai. Kabiru zai kai a buga shi babba a Katsina, ya kai mata da hantsi lokacin da idon ya fi gani. Iya ba ta san harafi ko ɗaya ba, takardarka ba za ta yi mata amfani ba, rantsuwata ma ba ta yi ba. Amma ta san filas ɗinta. Ita ta lotsa murfin, a bakin rijiya ya faɗi mata. In ta gan shi a hannuna, bakinsa a kan kofin ɗanta, ba sai kowa ya ce mata komai ba. Za ta nemi a ba ta ruwa ta sha.

Ina roƙon Allah ya ba ka lafiya, ya tsare motocinka da direbobinka a kan hanya, ya saka wa waɗanda suka tsaya a ruwan sama ranar jana'iza. In mahaifiyarka na raye, Allah ya bar maka ita, ya sa kada ta taɓa kwana da shakka a kanka. In ta riga mu, Allah ya sa ta tafi tana sane da ko wane ne ɗanta.

Shekara ashirin da uku ina gefen mutumin nan, a ɗaki ɗaya a Kaduna, a ɗakin haya a Deptford, a nan hawa na bakwai, har kan dardumar falo ranar Talata. Ba wanda ya taɓa raba mu sai Allah, sai ku. Na Allah na karɓa. Naku kuwa aikin minti ɗaya ne a kwamfuta. Ku mayar da ni. In an buɗe hoton, ina ta hagu.

Wassalam.

Hajara, matar marigayi Malam,
Edmonton, Landan.